Rufin mota na leda

Rufin mota na leda, wanda wasu ke kira rufin binil, shimfiɗa ce ta roba mai laushi da ake mannawa a saman rufin ƙarfe na mota domin ado, ko kuma a ɗaura ta a kan ƙarafa ta zama ita ce rufin gaba ɗaya. Nau'in farko ya yi tashe a Amurka da Turai daga farkon shekarun 1960 zuwa ƙarshen shekarun 1970, kuma a yau an fi ganin sa a jikin tsofaffin motocin da ake adanawa saboda tarihinsu. Nau'i na biyu shi ne aka fi sani a ƙasar Hausa, inda ake rufe a-daidaita-sahu da a-kori-kura da manyan motocin ɗaukar kaya da leda ko tamfol. Duka nau'o'in biyu suna lalacewa idan rana da ruwa suka daɗe suna dukan su, kuma suna iya ɓoye tsatsar da ke cin ƙarfen da ke ƙarƙashinsu, shi ya sa kula da su da sauya su ya zama sana'a mai zaman kanta.

Suna

Kalmar leda ta shigo Hausa ne daga kalmar Turanci mai nufin fata da aka jeme. Da farko an yi amfani da ita wajen kiran fatar kanti, wato robar da aka yi wa zane ta yi kama da fata, daga baya ma'anarta ta faɗaɗa ta haɗa da ledar shimfiɗa a ɗaki, da ledar kujera, da jakar leda da ake zuba kaya a kasuwa. Ita ma kalmar tamfol aro ce daga Turanci, kuma tana nufin yadi mai kauri da ruwa ba ya ratsa shi. A bakin masu sana'a akan ce leda idan ana nufin mai santsi da laushi, a ce tamfol idan ana nufin mai kauri da ake ɗaurewa da igiya, ko da yake yawancin tamfol na zamani ma yadi ne da aka lulluɓe da roba iri ɗaya da ta leda.

Abin da ake yin ta da shi

Ana yin ledar rufin mota da sinadarin roba da ake taƙaita sunansa da PVC. Masanin kimiyyar haɗa sinadarai ɗan ƙasar Jamus, Eugen Baumann, ya samar da wannan sinadari a 1872, amma a lokacin ya yi tauri da saurin karyewa, ba a iya yin wani abin kirki da shi ba. A 1926 ne Waldo Semon, wanda ke aiki da kamfanin B.F. Goodrich a Amurka, ya gano yadda za a cakuɗa shi da wasu sinadarai masu kama da mai domin ya yi laushi ya riƙa lanƙwasuwa. Waɗannan sinadarai masu laushi su ne ran ledar: muddin suna cikinta tana miƙewa tana komawa, idan kuma suka fice sai ta bushe ta fara tsagewa.

Ledar rufi tana da sassa uku. Akwai fuskar sama da aka danna wa zane mai kama da fatar dabba, akwai jikin robar da ke ɗauke da launi, sannan akwai yadin da ke bayanta wanda yake ba ta ƙarfi kuma gam yake kamawa. A wasu motocin alfarma akan shimfiɗa soso marar kauri tsakanin leda da ƙarfe domin rufin ya yi tudu da taushi. Yawancin ledar ana sayar da ita ne a naɗe, faɗinta kusan inci 54, wato santimita 137. Tunda rufin babbar mota tare da ginshiƙansa ya fi haka faɗi, dole a haɗa ƙyalle biyu ko uku, shi ya sa ake ganin layin haɗi ɗaya a tsakiya ko biyu a gefuna sun miƙe daga gaba zuwa baya.

Tarihi

A shekarun 1920 masana'antun mota ba su da injin da zai buga rufin ƙarfe babba a falle ɗaya. Saboda haka akan yi firam na katako, a cike tsakiyar rufin da yadi mai hana ruwa shiga. A 1935 kamfanin General Motors ya fito da rufin da aka yi da ƙarfe zalla, sauran kamfanoni suka bi sahu, rufin yadi ya ɓace daga ƙananan motoci na wani lokaci.

Leda ta dawo a matsayin ado bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1949 General Motors ya fito da motoci masu rufin ƙarfe da aka tsara su yi kama da masu buɗaɗɗen sama, irin su Buick Riviera da Cadillac Coupe de Ville. Kamfanin Ford bai da irin wannan jiki a lokacin, sai ya lulluɓe rufin wasu motocinsa na 1950, wato Ford Crestliner da Mercury Monterey da Lincoln Lido, domin su ma su yi kama da masu rufin yadi. Kamfanin Kaiser ya yi haka a motarsa Dragon, sannan Cadillac ya sa irin wannan rufi a Eldorado Seville ta 1956.

Motar da ta sa abin ya zama yayi ita ce Ford Thunderbird Landau ta 1962, wadda aka yi wa rufin leda tare da wani ƙarfen ado mai siffar harafin S a kowane gefe. Sunan Landau ya samo asali ne daga wani keken doki mai rufi mai naɗewa da ake dangantawa da garin Landau na ƙasar Jamus. Daga nan kusan kowane kamfani a Amurka ya riƙa sayar da rufin leda a matsayin ƙarin ado da mai saye zai biya wa kuɗi daban. Baƙi da fari ne suka fi yawa, amma an yi wasu launuka da zane-zane, har kamfanin Plymouth ya fito da rufi mai zanen furanni a motocinsa Barracuda da Satellite a 1969. A shekarun 1970 aka riƙa haɗa rufin da wata ƙaramar taga a ginshiƙin baya, kamar yadda ake gani a Lincoln Continental Mark IV da Chrysler Cordoba.

A Turai ma an yi yayin. A Ingila an sa shi a Ford Cortina da Capri da Granada, da Rover 3500S, da Triumph Dolomite Sprint ta 1973, sannan Rolls-Royce ya yi amfani da wata leda mai suna Everflex a wasu manyan motocinsa. Daga shekarun 1980 tsarin motoci ya koma ga jiki mai santsi da zagayayyun kusurwoyi domin rage tirjiyar iska da shan mai, kuma rufin leda bai dace da wannan siffa ba. Cadillac Fleetwood, wadda aka daina ƙerawa a 1996, tana cikin manyan motocin ƙarshe da suka fito da shi daga masana'anta. A Amurka har yanzu ana ganin sa a motocin ɗaukar gawa da dogayen motocin biki.

Nau'o'i

Cikakken rufi shi ne wanda leda ta lulluɓe saman motar duka tare da ginshiƙan baya. Rabin rufi, wanda aka fi sani da Landau, yana rufe ɓangaren baya ne kawai, a bar gaba da fenti, a raba su da siririn ƙarfe mai ƙyalli. Akwai wanda ake rufe gaba a bar baya, akwai kuma wanda ake barin zoben fenti kewaye da ledar ta yadda ba ta taɓa bakin gilashi. Nau'i na ƙarshe shi ne wanda ake sa wa ƙarafa ko roba mai tauri a ƙarƙashi domin motar ta yi kama da mai rufi mai naɗewa alhali rufin ba ya buɗewa.

A Najeriya da ƙasar Hausa

Ƙananan motocin da suka fi yawa a arewacin Najeriya a zamanin da ake yayin rufin leda su ne Fijo da Bosuwaja. Kamfanin Peugeot Automobile Nigeria ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, kuma ya ci gaba da fitar da 504 har zuwa tsakiyar shekarun 2000. Waɗannan motoci rufinsu na ƙarfe ne mai fenti, saboda haka rufin leda na ado bai zama ruwan dare ba, sai dai a jikin ɗaiɗaikun motocin da aka shigo da su daga Amurka ko Ingila. Abin da ya yaɗu shi ne rufin da ake ɗaurawa a kan ƙarafa: na Landiroba, da na bayan a-kori-kura ƙirar Fijo 404 da 504, da tamfol ɗin da ake rufe kayan manyan motoci da shi.

Zuwan babur mai ƙafa uku ya ƙara wa sana'ar kasuwa. An fara amfani da shi wajen haya a Legas a zamanin mulkin Buba Marwa a ƙarshen shekarun 1990, sannan gwamnatin tarayya ta raba shi a ƙarƙashin shirin rage talauci na NAPEP da aka kafa a 2001, inda ya samu sunan Keke Napep. A Kano gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ce ta shigo da shi a 2005, da farko domin ɗaukar mata, jama'a kuma suka raɗa masa sunan shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin, wato A Daidaita Sahu. Bayan hana acaɓa a birnin Kano a watan Janairun 2013, wanda ya biyo bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, a-daidaita-sahu ta zama babbar hanyar sufuri a cikin gari. Yawancinsu ƙirar Bajaj ne da TVS daga ƙasar Indiya, kuma rufinsu leda ce mai yadi a baya da aka ja a kan firam na bututun ƙarfe.

A garuruwan da ke wajen birni ma haka abin yake. Wudil tana kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, kuma kasuwarta ta ranar Juma'a tana cikin manyan kasuwannin shanu a arewacin Najeriya. Motocin da ke kai mutane da hatsi da kayan gwari tsakanin Wudil da garuruwan ƙaramar hukumar, irin su Utai da Indabo da Darki da Achika, sun dogara da leda da tamfol wajen kare fasinja da kaya daga rana da ruwan sama. Buhun hatsin da ya jiƙe a hanya yana iya yin fumfuna kafin a sayar da shi, don haka tsagewar tamfol asara ce kai tsaye ga direba da mai kaya. Masu ɗinkin kujerun mota ne suka fi yin wannan aiki, suna sayo ledar a yadi daga kasuwannin Kano, su yanka ta daidai da tsohon rufin, su ɗinka ta da keken ɗinki mai ƙarfi.

Abubuwan da ke lalata shi

Rana ce babbar abokiyar gābar leda. Haskenta yana karya ƙwayoyin robar, zafinta kuma yana fitar da sinadaran da ke sa ta laushi. A yankin Kano zafi yakan kai kusan digiri 40 a ma'aunin Salshiyos a watan Afrilu, kuma baƙin rufin da aka bari a rana yana ɗaukar zafin da ya fi na iskar da ke kewaye da shi nesa ba kusa ba. Alamomin farko su ne koɗewar launi da wani farin gari da ke fitowa a fuskar ledar. Daga nan sai ta ƙanƙance ta janye daga bakin ƙarafan ado, ta yi tauri, ta tsattsage.

Ƙurar hunturu tana shiga cikin zanen ledar, idan aka goge ta a bushe sai ta karce fuskar kamar samfefa. Ruwan damina kuma, wanda ya fi yawa a watan Agusta, yana bi ta tsaga ko ta ramukan kusoshin ƙarafan ado ya shiga ƙarƙashi. Yadin bayan ledar da soson suna tsotse ruwan su riƙe shi, kuma tunda leda ba ta barin iska ta ratsa ta, ƙarfen yakan daɗe a jiƙe. Wannan ne yake haifar da tsatsa. Matsalar ta fi tsanani a tsofaffin motoci saboda wasu masana'antu ba sa yi wa rufin da za a lulluɓe cikakken fenti. Wuraren da tsatsa ta fi kamawa su ne ƙasan gilashin baya, da gindin ginshiƙan baya, da magudanar ruwa ta gefen rufi. Idan aka ga leda ta yi ƙuraje ko kumburi, ko aka danna ta da yatsa aka ji ƙaras-ƙaras, to tsatsa ta riga ta ci ƙarfen. Idan aka ƙyale ta takan huda rufin, ruwa ya riƙa zuba cikin mota, ginshiƙan da ke tallafe da rufin su yi rauni, wanda hakan haɗari ne idan motar ta kife.

Kulawa

Ana wanke rufin leda da ruwa mai yawa da sabulu marar kaifi, a inuwa, lokacin da rufin ya huce. Akan fara kwarara ruwa domin ƙura ta tafi, sannan a cuɗa da buroshi mai taushi domin fitar da dattin da ya maƙale a cikin zanen, a ɗauraye, a tsane da tsumma mai tsabta. Kashin tsuntsu da ƙaron itace ana cire su da wuri domin suna barin tabo. Ba a goge leda da fetur ko kananzir ko tina ko ruwan bilic, domin suna janye sinadaran laushi su bar ta a bushe. Haka kuma ba a shafa mata baƙin mai ko man gyaɗa don ta yi ƙyalli, saboda mai yana kama ƙura kuma yana iya sassauta gam. Man goge fentin mota ma bai dace da ita ba, yakan bushe a cikin zanen ya bar farin tabo. Akwai man shafawa na musamman da aka yi domin leda, mai kare ta daga hasken rana, wanda ake shafawa bayan wanki.

Ajiye mota a gareji ko ƙarƙashin rumfa yana tsawaita rayuwar rufin fiye da kowane irin mai. Idan za a lulluɓe ta, a yi amfani da yadin da iska ke ratsawa, domin ledar da ba ta numfashi tana tara gumi a ƙarƙashinta. Yana da kyau a duba layukan haɗi da gefuna kafin faɗuwar damina da kuma bayan ɗaukewarta. Ƙaramar tsaga ana iya liƙe ta da gam ko a yi mata faci daga ciki, ledar da ta koɗe kuma ana iya sabunta launinta da fentin leda, matuƙar ba ta yi tauri ba. A rufin a-daidaita-sahu abin da ya fi saurin lalacewa shi ne wuraren da ledar ke goga da ƙarfe da kuma zaren ɗinki, don haka naɗa wa ƙarafan tsumma ko soso da ɗaure rufin tamau suna rage yagewa.

Sauyawa

Ana sauya rufin manne idan ledar ta tsattsage, ko ta ƙanƙance, ko tsatsa ta bayyana a ƙarƙashinta. Manna sabuwa a kan tsatsa ɓarnar kuɗi ce, domin tsatsar za ta ci gaba da ci a ɓoye. Aikin yakan bi waɗannan matakai:

1. A cire ƙarafan ado da maƙallansu a hankali, a ajiye kowanne da alama, domin na tsofaffin motoci suna da wuyar samu. A wasu motoci sai an cire gilashin gaba da na baya saboda bakin ledar yana shiga ƙarƙashin robarsu.
2. A ɓare tsohuwar ledar, a adana ta domin a yi awo da ita, sannan a kankare ragowar gam da soso har ƙarfe ya fito.
3. A goge tsatsa har sai an ga farin ƙarfe. Inda ya huje a yanke a yi waldar sabon falle. Cike rami da ƙullin gyaran jikin mota kaɗai ba ya daɗewa.
4. A daidaita fuskar rufin, a yi masa fentin share fage mai hana tsatsa, a bi da cikakken fenti, a bar shi ya bushe sosai. Duk wani tudu ko kwari da aka bari zai fito a fuskar sabuwar ledar.
5. A shanya sabuwar ledar a rana na ɗan lokaci domin ta yi laushi, a ɗora ta a kan rufin, a ja layi a tsakiya, a tabbatar layukan haɗi sun miƙe kuma tazararsu daga gefuna ɗaya ce.
6. A naɗe rabi, a shafa gam a jikin rufin da bayan ledar, a jira ya sha iska har ya yi danƙo, sannan a manna daga tsakiya zuwa gefe ana korar iska da tafin hannu ko abin lailaya. A maimaita a ɗaya rabin. Irin wannan gam yana kamawa nan take, kuskure yana da wuyar gyarawa, shi ya sa aikin ya fi kyau da mutum biyu.
7. A ginshiƙai da kusurwoyi a ɗumama ledar kaɗan a ja ta. Jan da ya wuce kima yana sa ta koma baya daga bisani ta bar gibi.
8. A yanke abin da ya yi saura, a cusa gefuna, a toshe ramukan maƙallai da abin hana ruwa shiga, a mayar da ƙarafan ado da gilasai. Ba a wanke motar sai gam ya yi aƙalla kwana ɗaya ko biyu.

Rufin a-daidaita-sahu da na a-kori-kura ya fi sauƙin sauyawa tunda ba manna shi ake yi ba. Akan kwance tsohon, a gyara firam ɗin a yi masa fenti, a ɗinka sabo da zaren roba, a ninka ledar a wuraren da take ɗaukar nauyi, sannan a ɗaura.

Masu adana tsofaffin motoci sun kasu biyu a kan mayar da leda. Wasu suna cire ta gaba ɗaya su yi wa rufin fenti domin su huta da tsatsa. Wasu kuma suna ganin motar da ta fito daga masana'anta da leda dole a mayar mata da irin launinta da zanenta, domin darajarta a wurin masu saye tana tafiya ne da yadda ta yi kama da asalinta.

Lafiya da muhalli

Gam ɗin da ake manna leda da shi yana ɗauke da sinadarai masu saurin kama wuta, kuma shaƙar tururinsu yana jawo jiri da ciwon kai, yana cutar da ƙwaƙwalwa idan aka daɗe ana yi. Irinsa ne sholisho da wasu matasa ke shaƙa domin maye. Ana yin aikin ne a wuri mai iska, nesa da wuta da tartsatsin walda. A yawancin tsofaffin motoci an cike mahaɗar rufi da ginshiƙi da darma, kuma ƙurar darma guba ce, saboda haka mai gogewa yana buƙatar rufe hanci da baki. Ƙona tsohuwar leda yana fitar da hayaƙi mai guba da ke ƙona huhu da idanu, don haka ya fi kyau a yi amfani da ragowar wajen faci ko rufe kaya maimakon a jefa ta cikin wuta.

Duba kuma

A Daidaita Sahu
Peugeot 504
Wudil
Tsatsa